Wa zai nuna wa masu digiri hanyar zama malaman yara masu buƙata ta musamman a Bauchi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira da juriya. Dan Allah ina neman a ɗan bani fili in yi magana akan wani abu da ya shafi makarantunmu na jihar Bauchi, wato maganar horar da malaman da zasu koyar da yara masu buƙata ta musamman, kurame da makafi da masu galahanga da waɗanda karatu ke musu wuyar shiga, musamman ma matasanmu da suka riga suka gama digiri suna son shiga wannan fanni da zuciya ɗaya amma ba wanda zai nuna musu ta ina ake bi har a kai ga lasisin koyarwa.

Malam Edita, dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda marigayi shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta faɗi magana ƙarara. Ta ce duk makarantar gwamnati, firamare ce ko sakandare ko ta gaba da sakandare, dole ta zama tana karɓar nakasassu, kuma ya kasance tana da aƙalla mutum ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu, sannan a saka rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja, kuma karatun nakasasshe kyauta ne har ya gama sakandare. Magana mai daɗin ji wallahi. Amma ni tambayata ita ce, wannan mutum ɗayan daga ina zai fito? Ƙananan hukumomi 20 garemu a jihar nan, daga Toro har Zaki, daga Bogoro har Gamawa, kowacce da tarin makarantunta, in da za'a kwashe duk wanda ya karanci wannan fanni a jihar a raba su ɗaya-ɗaya ni dai bana jin zasu ishi ko cikin garin Bauchi kaɗai balle ƙauye.

Ni malami ne a ƙaramar sakandare, kuma digirina ba na koyarwa bane, daga baya nayi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. An koya mana falsafar ilimi da tarihinsa da sanin halayyar yara da yadda ake tsara lesin not da yadda ake auna ɗalibi, duk masu amfani ne ban raina ba. To amma ranar da aka kawo min yaro kurma cikin aji ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya gaya min me zanyi. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan firamare, saboda haka yana magana kaɗan-kaɗan, kuma yana iya karanta bakin mutum in ka fuskance shi kayi magana a hankali. Ka dubi yadda muke koyarwa a makarantun nan: malami ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana bayani, to duk wannan bayanin yaron bai samu ko kalma ɗaya ba tunda ƙeya yake gani. Sai ka juyo kace kun gane, aji ya amsa, shi ma ya ɗaga kai saboda yaga 'yan uwansa sun ɗaga. Littafinsa tsaf, ya kwafe komai da rubutu mai kyau, amma ka nuna layi ɗaya kace me wannan yake nufi sai ya tsura maka ido. A fayil ɗinsa kuwa daga makarantar da ya baro an rubuta baya maida hankali. Wata malama da ta taɓa aiki da kurame ita ta faɗa min abubuwa ƙanana, a dawo dashi layin gaba ta gefen da haske ke faɗuwa a fuskar malami, a gama rubutu kafin a fara bayani, a rubuta sabbin kalmomi a gefe, a taɓa kafaɗarsa ko a ɗaga hannu kafin a fara magana. Abubuwa ne da ba sa cin ko kwabo, amma sai wanda ya sani ne zai faɗa maka, kuma wannan farkon abin ne kawai, bai kai ko bakin ƙofar fannin ba.

Yanzu in zo kan ainihin abinda yasa na ɗauki alƙalami. Akwai matasa masu son wannan aiki, na gansu da idona. Wani ƙaninsa ne makaho, wata ɗanta ne shawara ta taɓa tun yana jariri, wani kuma bautar ƙasa ce ta kaishi makarantar kurame ya shaƙu da yaran har baya son rabuwa dasu. Irin waɗannan su ne zasu daɗe a aikin, don ba albashi ne ya kawo su ba. To amma mai digirin kimiyya ko lissafi ko Hausa ko Larabci in yace yau ina so in zama malamin yara masu buƙata ta musamman, wa zai tambaya? Wani tsohon ɗalibina da ya karanci kemistiri haka yazo min, ya riga ya sayi fom ɗin mastas a wata jami'a da kuɗin da ya tara lokacin bautar ƙasa, ya cike ya jira, sunansa bai fito ba, sai daga baya wani a sashen yake gaya masa ai ba'a ɗaukar wanda bashi da takardar koyarwa, sai yaje yayi PGDE tukuna. Shekara guda ta tafi, kuɗi sun tafi, akan maganar da za'a iya faɗa masa cikin minti biyar tun kafin ya je banki. Kuma da ya shiga PGDE ɗin ma ba wanda ya ce masa ka nemi a turaka koyon aikin koyarwa a makarantar da ke da irin yaran da kake so, ka ɗauki furojet ɗinka akan wannan fanni don ya zame maka tsani gobe, ka fara koyon maganar hannu tun yanzu wajen kuramen unguwarku. Lebul kodineta aikinsa ya duba ka yi rajistar kwasa-kwasai daidai baka da kariyoba, shi kenan, shi ma ɗalibai sun masa yawa ban ga laifinsa ba. Amma shawara irin ta zauna in ji me kake son zama, ga hanyar da ta dace da kai, ga wadda zata ɓata maka lokaci, wannan kam bamu da ita.

Ga duk matashin da zai karanta wannan wasiƙa, bari in faɗi abinda na sani. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan. Mai digirin da ba na koyarwa ba sai yayi PGDE, a jami'a ko a cibiyar malamai ta ƙasa NTI mai hedikwata a Kaduna wadda take da cibiyoyin karatu a jihohi. Bayan nan sai jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, jarabawar da aka fara a 2017 kuma a kwamfuta ake yinta, in ka ci a baka satifiket da lasisi. Da PGDE ɗin ne kuma ƙofar mastas a ilimin masu buƙata ta musamman ke buɗewa. Jami'ar Jos tana da sashen wannan fanni da ya daɗe, Jami'ar Bayero ta Kano tana dashi, Jami'ar Ibadan ma haka, sannan ga kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke Oyo wadda aka buɗe a 1977, inda ɗalibi ke haɗa fannin nakasa ɗaya da darasin koyarwa ɗaya, misali koyar da kurame da lissafi. Kuma kafin ka biya ko sisi ka tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa NUC ta amince da kwas ɗin in jami'a ce, ko hukumar kwalejojin ilimi NCCE in kwaleji ce.

Jos ba nisa daga Bauchi, Kano ma da sauƙi, amma a faɗi gaskiya, malamin da ke kan lebul 08 da mata da yara, in ba'a bashi hutun ƙaro karatu da albashinsa ba, ta yaya zai kama ɗaki a Jos? Matan aure kuwa abin yafi musu wuya, kuma su ne aka fi buƙata. Iyaye da yawa ba zasu taɓa sakin 'yarsu kurma ko makauniya ta tafi makarantar kwana ba in basu ga mace mai amana da zata kula da ita ba, wadda yarinyar zata iya gaya wa damuwarta da yaren da take ji. Ni ban ga laifin iyayen ba ko kaɗan, yarinyar da in an cuce ta ba zata iya faɗa ba ai dole uwa ta ji tsoro. Shi yasa zaka ga 'yan matan nan suna zaune a gida har su girma ko alif basu sani ba.

Sai maganar lasisin kansa, kuma anan nake so masu ruwa da tsaki su saurara da kyau. TRCN tana kasa malamai rukuni huɗu ne gwargwadon zurfin karatu, A masu digirin digirgir, B masu mastas, C masu digirin farko, D masu NCE. Wannan yana nuna inda ka kai a karatu amma baya gaya wa hedimasta ko sakataren ilimi cewa wannan ya iya rubutun makafi, wancan ya iya maganar hannu, waccan ta san yadda ake tafiyar da yaro mai galahanga. Ko lasisin tuƙi ai aji-aji ne, wanda aka ba izinin tuƙa mashin ba'a miƙa masa makullin tirela. A Amurka, inda suka yi dokar ilimin yara nakasassu tun 1975, kowace jiha ce ke bada lasisin koyarwa, kuma na wannan fanni daban yake da na sauran malamai, sannan doka ta wajabta a rubuta wa kowane irin wannan yaro tsarin karatunsa shi kaɗai tare da iyayensa, ana dubawa duk shekara. Ba cewa nayi mu kwafo nasu dukka ba, kuɗinmu da yawan yaranmu ba ɗaya bane, amma rubuta fannin mutum a jikin lasisinsa bayan an gwada shi an tabbatar, wannan ai bai fi ƙarfinmu ba.

Kuma gwajin ya zama na hannu, ba zaɓi A ko B a kwamfuta kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaho yana rubutu zai gane abinda nake nufi. Birel, wato rubutun makafi, ɗigo shida ne a gida ɗaya, uku ta hagu uku ta dama, da su ake haɗa kowane harafi da lamba da alama. Yaron da bashi da injin buga birel na Perkins, kuma yawancinsu basu dashi don tsada, da ɗan allo mai ramuka da tsinke yake rubutu, ya maƙala takarda mai kauri a tsakani yana hudawa daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, domin in ya cire takardar ya kifa ta ɗigon su taso ya bi da yatsa daga hagu zuwa dama. Zaka ji ƙas ƙas ƙas da sauri, yana bin malami yana rubutawa, tafin hannunsa har yayi kanta. Yanzu wannan yaron ya gama wahalar nan ya miƙa wa malami takardar jarabawa, malamin ya juya ta gaba ya juya ta baya bai san ma ina ne sama ba. Ƙarshenta ko a nemo wani makahon babba ya karanto, ko a kira yaron a tambaye shi da baki a tsaitsaye, ko kuma, Allah Ya kyauta, a saka masa maki na tausayi. Makin tausayi cuta ce, don ranar JAMB ba tausayi, duk da hukumar tana shirya wa makafi jarabawarsu ta musamman, abinda ka sani shi zaka amsa. Ga lissafi da kimiyya kuma suna da nasu alamomin daban a birel, shi yasa irin tsohon ɗalibin nan nawa mai kemistiri in ya samu horo zai cike giɓin da ya daɗe, domin yara makafi da yawa ana tura su ajin adabi ne ba don basa son kimiyya ba sai don ba malamin da zai koya musu.

Haka zancen yake a wajen kurame, har ma yafi sarƙaƙiya. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu asalinta daga ta Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan Amurka kurma da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun tun kaka da kakanni, wadda wata Bajamushiya mai bincike Constanze Schmaling ta zauna a Kano tayi nazarinta a shekarun 1990. Je ka kasuwar Wunti ko Muda Lawal da yamma kaga kurame sun haɗu suna hira suna dariya, wannan cikakken yare ne. To yaro yazo daga ƙauye da alamun da yake yi da uwarsa da abokansa, malami kuma ya dawo daga karatu da alamun littafi da harhaɗa haruffan Turanci da yatsu, ga yaron bai taɓa jin Hausa da kunnensa ba balle Turanci. Malamin da aka horar da kyau zai fara ne daga abinda yaron ya zo dashi sannan ya ɗora masa na makaranta. Wannan ba'a koyonsa a zangon karatu ɗaya da handawut, sai an zauna da kuramen an yi ta kuskure suna gyara maka.

Shi yasa koyon aikin koyarwa shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, kuma kowa yasan yadda muke yinsa. Sufabaiza yazo ya zauna a bayan aji, ya duba lesin not, ya sa hannu, ya wuce makaranta ta gaba don yana da jerin ɗalibai da zai zagaya kafin azahar. In shi kansa bai iya maganar hannu ba ta yaya zai san ko yaran sun gane ko ɗalibin nasa kaɗa hannu kawai yake yi? Muna da cibiyar ilimi ta musamman a Yelwa nan cikin Bauchi, akwai malaman da suka yi shekara da shekaru suna wannan aiki, wasunsu su kansu kurame ne ko makafi. Su ya kamata a ɗora wa alhakin raino da duba sabbin malamai, a basu alawus, sa hannunsu ya zama yana da nauyi kafin a ce wane ya ƙware. Maƙwabtanmu na Filato suna da makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, ba abin kunya bane a tura mutum can ya zauna wata ɗaya ko biyu yaga yadda ake yi.

Akwai kuma abinda ke kashe gwiwa bayan an gama karatun. Mutum ya sha wahala ya dawo da takardar wannan fanni, sai a turashi wata makaranta ya koyar da soshiyal sitadis saboda can ne ake da giɓi, makarantar da ke da kurame kuma a tura mata wanda ko gaisuwa bai iya da hannu ba. Wani kuma da kansa yake neman tiransifa saboda aikin ninki biyu ne albashin kuma ɗaya. An ƙara wa malamai shekarun ritaya zuwa 65 ko shekara 40 a bakin aiki da dokar 2022, wannan ya ɗan ja mana lokaci da tsofaffin hannu, amma zasu tafi dai, kuma in ba'a haɗa kowannensu da matashin da zai gaje shi ba da iliminsu zasu tafi gida.

Roƙona ga gwamnatin jiha da ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha SUBEB shi ne a fara da abu mai sauƙi, a samar da tebur ɗaya da mutum ɗaya da ya san fannin, a Bauchi da Azare ko da kwana biyu ne a sati, wanda mai digiri ko mai NCE zai je wajensa da takardunsa a zauna a duba, a gaya masa ga matakinka na gaba, ga lokacin da fom ke fitowa, ga yadda ake neman hutun karatu, a kuma riƙa bibiyarsa har ya karɓi lasisi. Ko a rediyo aka sanar da shi zaka ga mutane. Sannan manyan makarantunmu, ATBU da jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau da kwalejin Aminu Saleh ta Azare da ta Kangere da ta tarayya da ke Jama'are, ina roƙon su haɗa kai da Jos ko Bayero a samar da difloma ta bayan digiri a wannan fanni da za'a riƙa yi ƙarshen mako da lokacin hutu, yadda malama mai goyo zata iya yi tana gidanta. Maganar kuɗi kuma, cikin asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa UBEC akwai kashi 2 cikin ɗari da aka ware wa ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma kason horar da malamai daban, ina ganin ya dace wani abu daga ciki ya tafi wajen gina mutum, don keken guragu da injin birel in ba wanda ya iya aiki dasu a sito suke ƙarewa.

Kada kuma a manta da nakasassun da suka yi digiri suna zaune ba aiki, dokar nan ta 2018 ta ce a basu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. A ɗauki nauyin PGDE ɗinsu, a tabbatar ranar jarabawar lasisi akwai tafinta ga kurma da kwamfuta mai magana ga makaho. Yaro makaho da yaga malaminsa makaho ne kamarsa yana karɓar albashi yana riƙe da iyali, uban yaron ma zai sake tunani kafin ya miƙa masa kwanon bara. Mu da muke karanta suratu Abasa, muka san darajar da Allah Ya ba Abdullahi ɗan Ummu Maktum lokacin da yazo neman ilimi, bai kamata sai wata ƙungiya daga waje tazo ta tuna mana wannan ba. A jawo Sarkin Makafi da shugabannin ƙungiyoyin kurame da na iyaye cikin maganar tun daga farko, sun san gidan da kowane yaro yake.

Daga ƙarshe Malam Edita, dan Allah ka tura wakilinku na Bauchi ya tambayi hukumomin ilimi malamai nawa ne a jihar nan suke da takardar wannan fanni, a wace makaranta kowannensu yake yanzu, kuma mutum nawa aka tura ƙaro karatu akansa a 'yan shekarun nan. In amsar ta fito ku buga mana ita yadda take, mu malamai da iyaye mu samu abin riƙewa in zamu je gaban 'yan majalisarmu. Na gode da wannan dama, Allah Ya saka da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin ƙaramar sakandare,
daga cikin garin Bauchi.